Adon na doki, linzamin na mai doki

Ranar Asabar da ta wuce na je karɓar ɗinki wajen telana, na tarar ko yadin bai yanka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, kowa ya san tela da alkawari. Abin da ya zaunar da ni a bencinsa har aka kira magariba wani ɗan bidiyo ne da yake ta maimaitawa a wayarsa. An jera tsofaffin hotuna marasa kala na taurarin fina-finan Amurka, an ɗora musu kiɗa mai sanyaya jiki. Mata cikin dogayen riguna masu sharar ƙasa, wuya da kunne sun sha lu'ulu'u. Maza cikin baƙar kwat, gashi ya sha mai ya kwanta luf. Suna saukowa daga zungura-zunguran motoci, ga wasu manyan fitilu suna keta sararin sama.

Ya miƙo mini wayar, almakashi na ɗaya hannun. "Malam, dubi mutane don Allah. Dubi yadda kafaɗar rigar nan ta zauna, kamar da ita aka haife ta. Waɗannan su ne 'yan fim, ga aji ga kamun kai. Ba irin na yanzu da ke wuni suna zagin juna a TikTok ba."

Kan kafaɗar riga ban ja da shi ba, sana'arsa ce. Maganar kamun kai ce ta tsaya mini a maƙogwaro, don ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Duk inda aka watsa irin waɗannan hotuna sai ka ga ana rubuta cewa da can duniya na da kunya, yanzu ta lalace. Kowa ya tuna bara, an ce, bai ji daɗin bana ba.

Matsayina a fili yake. Kyan da ke cikin hotunan gaskiya ne, amma kamun kan da muke hangowa hajar kamfani ce, an sarrafa ta kamar sabulu, an sa mata takarda, an sayar. Waɗanda suka biya mafi tsada kuwa su ne masu murmushin cikin hoton. A yaba ɗinki, a yaba fim, amma kada a mayar mana da wancan zamani ma'aunin mutunci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe ya san abin da nake nufi. Doki ya sha jalala da sirdi mai ƙyalli, yana taku yana rangaji, jama'a na sowa. Ba mai tunanin dokin ne ya zaɓi kayan. In an sauka daga hawa za a kwance su a adana, shi kuma a mayar da shi turke.

Wa ya shirya daren?

Wannan biki da ke cikin hotunan, na fara nuna fim, da jan kafet da fitilu, yana da mafari. Wani mai gidajen silima, Sid Grauman, shi ya fito da salonsa a watan Oktoba na 1922, daren da ya buɗe silimarsa mai fasalin ginin Fir'aunonin Masar a Hollywood da wani fim na Douglas Fairbanks. Tikitin daren dala 5 ne, a lokacin da talaka ke shiga silima da ƙasa da rabin dala. A 1927 ya buɗe wata mai fasalin ginin Sin, inda aka fara sa taurari su danna tafin hannu da sawun ƙafa a ɗanyen siminti a farfajiya. Har gobe masu yawon buɗe ido na zuwa suna gwada ƙafarsu a ciki.

Kamfanoni suka ga abin na kawo kuɗi, suka rungume shi. Daga nan komai na daren sai an tsara. A kafa wa 'yan kallo benci hawa-hawa a bakin titi, a ajiye mai gabatarwa da makirufo yana watsawa a rediyo kai tsaye, a san wace mota za ta riga wace. Sau tari rigar da jarumar ta sa daga ɗakin kayan kamfani aka ciro ta, gari na wayewa a mayar. Namijin da ta riƙe wa hannu ma, sau tari sashen talla ne ya haɗa su don jaridu su samu na rubutawa gobe.

Kayan aro ke nan, tun daga rigar har saurayin.

Daga shekarun 1920 zuwa farkon na 1950, kamfanoni takwas ne ke riƙe da harkar. Biyar daga ciki, MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century Fox da RKO, su ke yin fim, su ke rarraba shi, su kuma ke da manyan gidajen silimar da ake nuna shi. Ka ɗauka mutum ɗaya ne ke da gonar, da motar ɗaukar amfanin, da rumfunan kasuwa. Kamfanin MGM har kirari yake yi wa kansa cewa taurarinsa sun fi na sama yawa.

Sunan ma ba nasu ba ne

Wanda kamfani ya ɗauka, takardar shekara bakwai yake sa wa hannu. Amma igiyar wuyansa kaɗai ta ɗaure: kamfani na iya sallamarsa bayan kowane wata shida, shi kuwa ba shi da ikon tafiya. Ba ya zaɓen fim. In ya ce rawar da aka ba shi ba ta yi masa ba, a dakatar da shi ba albashi, sannan a lissafa kwanakin dakatarwar a ƙara a wutsiyar kwantiragin. Bakwai ta koma takwas, takwas ta koma tara. Suna kuma iya ba wani kamfani aronsa a kan kuɗi mai tsoka, su miƙa masa albashinsa da ya saba, su soke rarar a aljihu, kamar mai ba da hayar shanun huɗa.

Da yawansu sai da aka sake musu suna. Cary Grant, wanda ake buga misali da shi wajen iya sa kwat, Archibald Leach ne, ɗan talakawa daga Bristol ta Ingila. Joan Crawford sunanta na yanka Lucille LeSueur. A 1925 kamfanin MGM ya sa gasa a wata mujalla, masu karatu suka raɗa mata sabon suna, ita kuwa ba ta ma son sa. Babbar mace da hankalinta, a yi mata zanen suna da shawarar mutanen da ba su taɓa ganinta ido da ido ba.

Na Rita Hayworth ya fi ba ni haushi, kuma tana cikin bidiyon telana. Margarita Cansino ce, mahaifinta ɗan rawa ne daga Sifaniya. A kamfanin Columbia aka ga ta yi kama da baƙuwa da yawa, ba za ta sayu a matsayin 'yar Amurka ba. Sai aka shiga ƙone mata saiwar gashin goshi da allurar lantarki, ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, don goshin ya faɗaɗa. Baƙin gashinta kuma aka rine shi ya koma ja. Fuskar da ake kira baiwar Allah, da zafin allura aka gyara ta.

Sai Judy Garland. Shekararta 13 kamfanin MGM ya ɗauke ta a 1935. Ita da bakinta ta ba da labari daga baya cewa ana ba su ƙwayoyin hana barci da kashe yunwa don su jure dogon aiki kuma kada su yi ƙiba, in dare ya yi a ba su na sa barci, bayan 'yan awoyi a tashe su a sake ɗura musu na farko. Tana da shekara 16 ta yi fim ɗin da ya sa duniya ta san ta, wanda ya fito a 1939. A 1950, da jiki ya ƙi, suka rabu da ita. Ta rasu a Landan a 1969 tana da shekara 47, ƙwayoyin barci ne suka yi mata yawa.

A unguwarmu in aka ce wani ubangida na ba yarinya ƙwaya don ta yi masa aiki, mun san sunan da za mu kira shi, mun kuma san inda za a kai shi.

"Ai ba a jin abin kunyarsu"

Wannan ce hujjar telana, kuma gaskiya ne ba a cika ji ba. Sai dai rashin ji daban, rashin yi daban.

A 1921 aka tuhumi wani shahararren ɗan barkwanci, Roscoe Arbuckle, da hannu a mutuwar wata 'yar fim a San Francisco. Kotu ta wanke shi a shari'a ta uku, amma sana'arsa ta riga ta mutu, kamfanoni kuma suka ga asarar da abin kunya ke jawowa. Tun daga nan aka fara sa sharaɗin ɗa'a a kwantiragi: ka ɓata suna, a kore ka. Suka kuma ajiye ma'aikata waɗanda aikinsu binne magana ne. A MGM, Eddie Mannix da Howard Strickling sun yi suna a wannan. Su ne masu isa wurin kafin labari ya isa jarida, masu sanin ɗan sandan da za a kira da likitan da ba ya surutu. Manyan marubutan tsegumi biyu na garin, Louella Parsons da Hedda Hopper, ana ciyar da su da labarin da ake so ya fita don su kau da kai daga wanda ba a so.

Dubi abin da tsoron wannan tsari ya sa Loretta Young ta yi. Ta yi ciki ba aure, ta ɓace daga idon jama'a, ta haihu a ɓoye a 1935. Aka kai jaririyar gidan marayu, a 1937 ta fito ta sanar wa duniya cewa ta ɗauki marainiya riƙo. 'Yar cikinta ce. Yarinyar ta girma a gidan uwarta a matsayin 'yar riƙo, sai da ta zama babba ta san gaskiya.

Ni ma zage-zagen TikTok ba sa burge ni, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma na yanzu wayarsu na hannunsu, ba mai tace musu magana, shi ya sa muke ganin wautarsu tsirara. Na da an karɓe musu baki an ba wani ya yi magana a madadinsu. Gidan da aka kewaye da doguwar katanga ba lalle ne ya fi na zana tarbiyya ba, leƙe kawai ya hana.

Abin dariyar ma, ka tambayi dattawan Kano da suka san zamanin Rex da Palace da Plaza da El Dorado, lokacin da ake cika silima don kallon fim ɗin kaboyi. Yaron da aka gani a ƙofar silima a wancan lokaci sunansa ɗan iska, in labari ya kai gida bulala ce. Mutanen da iyayenmu ke hana kallo su ne yau jikoki ke kafa hujja da su kan kunya.

"Ai an biya su, ba wanda ya tilasta musu"

An biya na sama-sama kuɗi mai yawa, babu musu. Amma a 1937 wanda ya fi kowa albashi a duk Amurka ba ɗan fim ba ne, shugaban MGM ne, Louis B. Mayer, da sama da dala miliyan 1 a shekara. Kuma biyan sau ɗaya ne. Da talabijin ta zo aka shiga maimaita tsofaffin fina-finai dare da rana, waɗanda ke cikinsu ba su ga sisi ba. Sai da ƙungiyar 'yan fim ta yi yajin aiki a 1960, ƙarƙashin Ronald Reagan wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, sannan aka yarda da ba su kaso, shi ma a kan fina-finan da aka yi daga 1960 zuwa gaba kawai.

In da sun gamsu da abin, me ya kai su kotu? Bette Davis ta tsere Ingila a 1936 don ta yi fim a can, kamfanin Warner ya bi ta har Landan ya maka ta a kotu, ya kuma yi nasara. Ta dawo ta ci gaba da aiki.

Olivia de Havilland ce ta tsinke igiyar. Shekararta bakwai ta cika a 1943, aka ce da saura wata shida na dakatarwar da aka yi mata. Ta kai ƙara, ta zauna kusan shekara biyu ba ta fito a sabon fim ba, don an rufe mata ƙofofi. A Disambar 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke cewa shekara bakwai shekara bakwai ce ta kalanda, ba ƙari. Har yau da sunanta ake kiran wannan hukunci. Bayan ta samu 'yancin zaɓen fim da kanta, ta ci kyautar Oscar, babbar lambar yabon 'yan fim a Amurka, har sau biyu. Ta rasu a Paris a 2020 tana da shekara 104.

Daren Atlanta

In ana zancen bikin fara nuna fim, ba wanda ya kai na Gone with the Wind a birnin Atlanta, ranar 15 ga Disamba, 1939. Kwana uku ana shagali. Gwamnan jihar Jojiya ya ba da hutu. Kimanin mutum 300,000 suka yi dafifi a tituna don ganin ayarin motocin taurari. Gaban silimar Loew's Grand aka yi masa kwaskwarima ya koma kamar gidan mai gandun bayi na zamanin da.

Yanzu ka sake duba hotunan daren, ka nemi Hattie McDaniel. Ba ta nan. Ita ce ta fito a matsayin baiwar gidan, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin ya san ta riƙe shi da ƙarfinta. Amma baƙar fata ce, dokar wariyar launin fata ta Kudancin Amurka ba ta yarda ta zauna a silima ɗaya da farare ba. Ita da sauran baƙaƙen da suka yi fim ɗin ba wanda ya halarta. Hotonta ma cire shi aka yi daga ɗan littafin da aka buga don bikin.

Baƙaƙen da aka bari suka shiga shagalin su ne 'yan ƙungiyar waƙa ta wata majami'a, waɗanda aka sa wa tufafin bayi suka rera wa manyan baƙi waƙa a wajen liyafa. Cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 10, ɗan limamin majami'ar. Sunansa Martin Luther King, wanda daga baya ya jagoranci gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka.

Bayan wata biyu da rabi, ranar 29 ga Fabrairu, 1940, McDaniel ta ci Oscar, baƙar fata ta farko da ta taɓa ci. Otal ɗin Ambassador da aka yi bikin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da furodusan fim ɗin ya roƙi alfarma aka bar ta ta shiga. Ba a zaunar da ita da abokan aikinta ba, wani ɗan tebur aka ba ta a jikin bango. Daga can ta taso ta karɓi kyautar, ta yi godiya cikin hawaye, ta koma jikin bangonta. Mahaifinta bawa ne da aka 'yanta. Ta rasu a 1952, ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar Hollywood inda manyan 'yan fim ke kwance. Masu maƙabartar suka ce ba sa binne baƙar fata. Sai a 1999 sababbin masu wurin suka kafa mata dutsen tunawa.

Za a ce zamaninsu ne haka, kada a auna mutanen jiya da mudun yau. To ai ba ni na fara awon ba. Mai cewa jiya ta fi yau mutunci shi ya ɗauko mudu, ni kawai na ce a zuba duka hatsin, har da tsakuwar. Kuma a wancan zamanin ma akwai waɗanda suka san abin ba daidai ba ne, jaridun baƙaƙen Amurka sun yi ta rubutu a kai. Ba baƙaƙe kaɗai abin ya shafa ba. Dokar tace fina-finai da aka tsaurara a 1934 ta sa ba a haɗa farar fata da wani jinsi a soyayya, shi ya sa Anna May Wong, 'yar asalin Sin, ta rasa babbar rawa ta matar manomi ɗan Sin a wani fim na 1937. Baturen da aka yi wa kwalliya ne mijin, don haka matar ma dole Baturiya. Luise Rainer aka ba, ta kuma ci Oscar da ita.

"To fina-finan fa?"

Nan ne hujjar ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata rowar gaskiya ba. Tsarin ya haifar da gwanaye. Wanda aka ɗauka ana koya masa tafiya da magana da rawa da hawan doki, yana fim uku ko huɗu a shekara, dole hannu ya faɗa. A 1946 ana sayar da tikiti wajen miliyan 80 zuwa 90 kowane mako a Amurka. Ba a tara irin wannan jama'a da shirme.

Amma da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1948 cewa kamfanonin su rabu da gidajen silimarsu, talabijin kuma ta janye 'yan kallo, tsarin ya ruguje cikin shekara goma, fim mai kyau bai daina fitowa ba. Ashe gwanintar ta mutanen ce, ba ta igiyar ba.

Kuma in za a yabi gwaninta, a kai yabon gidan da ya dace. Fatar nan mai sheƙi kamar an wanke da madara, masu ɗaukar hoto irin George Hurrell ne ke zama da fensir suna goge kowane tabo a jikin fim ɗin hoton kafin a wanke. Rigunan, akwai masu zana su irin Edith Head, wadda ta ci Oscar 8, fiye da kowace mace a tarihin kyautar. A bayanta kuma akwai ɗakuna cike da mata a kan keken ɗinki, masu dasa duwatsu da allura ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja.

Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya shiga kunnen telana cikin duk abin da na zayyana masa. Ya karɓi wayarsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu har kafaɗar rigar ta cika fuskar wayar, ya daɗe yana kallo.

"Wannan aikin hannu ne, Malam, keke ba ya yin haka. Ya fi ƙarfin sati biyu. A ƙarshen fim ɗin ana rubuta sunan wadda ta ɗinka?"

Na ce ana rubuta na mai zanen, banda na masu ɗinkin.

Ya yi tsaki, ya ajiye wayar a kan yadina da har yanzu ke naɗe, ya ce in dawo ranar Alhamis in Allah ya yarda.